Darasi Na 14: Shamuwa

Ga wata baƙuwa da ta kan zo mana kowace shekara. Sunanta shamuwa. Ta kan iso Tsiga da bazara, wajen watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai. Shi ya sa manomi in ya gan ta, sai ya ce damina ta ƙarato.

Yaya za ka gane ta? Bayanta da wuyanta da fikafikanta baƙaƙe ne. Cikinta fari ne. Gwiwoyinta da yatsunta ja ne. Tsawonta ya kai kamar ƙafa 2 da rabi. In tana tashi, ta kan miƙe wuyanta. Balbela fara ce fat, kuma ta kan naɗe wuya in tana tashi. Zalɓe ma haka ya kan yi. To, kada ka haɗa su.

Shamuwa ba ta gudun mutane. A cikin gari ta kan yi sheƙa da ƙirare, bisa tsamiya ko kuka ko rimi. Sau da yawa a kan ga sheƙuna masu yawa a itace guda. Ta kan saka ƙwai 2 ko 3. Bayan kamar wata ɗaya sai ta ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su kan yi kusan wata 2 kafin su iya tashi.

Da rana ta kan sauka gona da fadama da makiyaya tana kiwo. Abincinta fara ne da tsutsa da sauran ƙwari. Waɗannan su ne masu cin dawa da masara. Ashe shamuwa 'yar ƙodago ce wadda ba ta neman lada.

In damina ta ƙare, ƙwari su kan ragu. Sai shamuwoyi su taru, su nufi kudu maso gabas, har ƙasashen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Lokacin da mu ke rani, su can damina su ke yi. In ruwansu ya ɗauke, sai ta komo gare mu.

Saboda haka a kwaɓi yara, kada su harbe ta da danko. Kada a sare itacen da ta ke sheƙa. Mai feshin magani ya kiyaye, kada ya wanke tulun feshi a tafki ko rafi. In babu itace, babu sheƙa. In babu shamuwa, fara ta sami sake.

Tambayoyi
1. A wane wata shamuwa ta kan iso?
2. Mene ne bambancinta da balbela?
3. Wane amfani ta ke yi wa manomi?
4. Rubuta sunan itatuwa 3 da ta kan yi sheƙa a kansu.