Zagayen Jini a Jiki da Abin da Ibn Nafis Ya Gano

Darasinmu na wannan mako a kan hanyar da jini yake bi ne a jikin ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa.

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakaninsu. Jinin da ya gama yawo a jiki yakan dawo da duhu-duhu, domin gaɓoɓi sun kwashi iskar oksijin da ya kai musu. Sai ya shiga ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, zuciya ta tura shi huhu. A can yake sauke gurɓatacciyar iska, wadda muke fitarwa da numfashi, ya ɗauki sabuwa, ya koma ja wur. Daga nan sai ya zo ɓangaren hagu, wanda yake harba shi cikin babbar jijiya. Ita kuwa takan yi ta rassa har ta kai ga 'yan siraran jijiyoyi da ido ba ya gani, inda kowace gaɓa take karɓar abincinta. A bakin ɗakunan akwai marufai masu buɗewa ta fuska ɗaya kaɗai, don kada jini ya koma baya. Baligi yana da jini wajen lita 5, zuciyarsa kuma tana tura kimanin wannan adadi a kowane minti idan yana hutawa.

To, ta ina jinin dama yake ƙetarawa hagu? Jalinus, babban likitan Yunanawa, ya ce akwai ƙananan hudoji a bangon nan. Likitoci suka yi fiye da shekara dubu suna bin maganarsa, har da Ibn Sina. Sai Ibn Nafis, malamin fiƙihu kuma likita, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya rasu a Alƙahira a 1288, ya rubuta sharhi a kan sashen halittar jiki na littafin Alƙanun na Ibn Sina. A ciki ya tabbatar cewa bangon ba shi da huda, na fili ko na ɓoye, watau dole jini ya bi ta huhu. Duk wanda ya tsaga zuciyar ragon layya zai ga kaurin bangon da idonsa.

Cikakken bayanin zagayen jiki duka William Harvey na Ingila ne ya fitar da shi a 1628. Maganar Ibn Nafis kuwa ba ta shahara a zamaninmu ba sai bayan 1924, sa'ad da wani likita Bamisire ya ci karo da littafin a ɗakin karatu na birnin Balin a Jamus.

Ɗalibai su lura: Ibn Nafis ya girmama magabatansa har ya yi wa littafinsu hidima, amma inda hujja ta saɓa musu, hujjar ya bi. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.