Aikin Gayya da Haƙƙin Gari a Kan Mazauninsa: Agwada da Kewayen Keffi

Agwada gari ne a yammacin Jihar Nasarawa, cikin Ƙaramar Hukumar Kokona wadda hedikwatarta ke Garaku, kuma yana cikin garuruwan da ke kewaye da Keffi, tsohon birnin da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19. Wannan yanki ya ga sauyi mai yawa cikin ɗan lokaci, domin a 1991 aka mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja, wadda ke da nisan kimanin kilomita 50 daga Keffi, a 1996 aka ciro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, sannan aka kafa jami'ar jihar a Keffi a zamanin mulkin Gwamna Abdullahi Adamu. Tsadar hayar gida a Abuja da rusau da aka yi a can tsakanin 2003 da 2007 suka turo jama'a zuwa Mararaba da Masaka har zuwa Keffi, ta yadda unguwanni suka riga hanya da ruwa da makaranta isowa.

Daga nan aka sami mutane iri biyu da gari ke bi bashi. Akwai ɗan asalin wuri kamar Agwada wanda karatu ko aiki ya kai shi birni, ba ya zuwa gida sai da salla ko kirsimeti ko rasuwa. Akwai kuma baƙon da ya sayi fili a bayan Keffi ya gina, yana fita da asuba ya dawo bayan isha'i, ya ɗauki unguwar tamkar masauki. Dukansu suna cin moriyar abin da wasu suka wahala a kansa.

Hanyar biyan wannan bashi tsohuwa ce, sunanta gayya, wato a kira jama'a su taru su yi wa mutum ɗaya aiki ba da lada ba, sai abinci da abin sha, bisa sanin cewa gobe shi ma zai amsa kiran wani. A gona ta samo asali, inda makaɗa ke zuga samari a kan kunya, amma tun da daɗewa aka faɗaɗa ta zuwa aikin kowa da kowa, kamar yashe rijiya, cike zaizayar hanya bayan damina, sharar makabarta da ɗaga katangar makaranta. Ƙarfin gayya shi ne kowa na ganin kowa, wanda ya noƙe an san shi, kuma ba a tara kuɗin da za a yi zargin an ci.

To amma ma'aikacin da ke Abuja ba zai riƙe fartanya ranar Talata ba, kuma bukatun yau ba a yin su da ƙarfin damtse kawai. Saboda haka gayya ta koma karo-karo, wato kowane gida ya ba da abin da aka yanka masa, ƙarƙashin ƙungiyar ci gaban gari ko ta masu gidaje, da sanin mai unguwa da limamai da fastoci. Da irin wannan kuɗi ake haƙa rijiyar burtsatse, a gyara taransifoma, a zuba kwalbati, a biya 'yan sintiri, a kuma ɗauki malaman wucin gadi ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai. Hukumomi ma sun gane amfanin tsarin, domin shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 zuwa 2021, wanda Jihar Nasarawa ta shiga, ya sharɗanta al'umma ta zaɓi aikin da kanta, ta kuma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa, ko tsabarsa ko yashi da dutse da aikin hannu.

A nan ne matsalar take, domin da zarar gayya ta zama kuɗi, sai ta rasa idon jama'a da ke tsare ta. Ƙungiyoyi da dama ba rashin masu bayarwa ke kashe su ba, rashin lissafi ne: an karɓa ba rasit, an kashe ba shaida, ma'aji da shugaba 'yan ɗaki ɗaya ne, shekara ta zagayo ba a karanta wa kowa komai ba. Wanda aka taɓa cuta sau ɗaya kuwa ba ya sake buɗe aljihunsa, kuma ba a ga laifinsa ba. Maganin abin ba ɓoyayye ba ne, wato a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu, a rubuta sunan duk wanda ya bayar, a karanta shiga da fita a gaban taro, a kuma sauya shugabanni idan wa'adinsu ya cika.

Matsala ta biyu ita ce son sabon aiki da ƙin gyara. Attajiri ko ɗan takara ya fi son ya haƙa sabuwar rijiya a rubuta sunansa a jikin tanki, alhali ga wata a gefe ta mutu saboda famfon da bai kai kuɗin bikin buɗe sabuwar ba. Sadaka mai gudana, kamar yadda sunanta ya nuna, sai tana gudana, don haka ya kamata tun ranar ƙaddamarwa a san wanda zai riƙe makulli da inda kuɗin gyara zai fito.

Ba kuma kuɗi ne kaɗai ake bayarwa ba. Malamin jami'a da ya ware yammacin Asabar ga masu shirin jarrabawar WAEC da JAMB, da ma'aikaciyar jinya da ke auna wa tsofaffin unguwa hawan jini, da lauyan da ya duba wa maƙwabta takardun fili kafin rigima ta taso, duk sun shiga gayya. Mai ilimin da ya iya rubuta takardar koke, ya bi ta daga ofishin kansila har zuwa Garaku ko Lafiya, babban birnin jihar, shi ma ya yi nasa, domin karo-karon jama'a bai sauke wa gwamnati nauyin hanya da asibiti da makaranta ba.