AIKI DAGA GIDA: ABIN DA MAI JUNA BIYU YA KAMATA TA SANI

Tun shekarar 2020, da cutar korona ta sa aka rufe ofisoshi, mutane da yawa a duniya suka koma yin aiki daga gida ta waya da kwamfuta. Bayan cutar ta lafa, wasu suka raba mako biyu, kwana kaɗan a ofis, sauran a gida. A 2023, da aka cire tallafin mai, Jihar Edo ta rage wa ma'aikatanta zuwa ofis zuwa kwana uku a mako.

A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Matan Dambatta, Bichi, Kunci da Makoɗa sun daɗe suna sana'a a cikin gida: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, daddawa, ɗinkin hula da saƙa. Abin da ya ƙaru shi ne waya. Yanzu mai saye yana aiko da saƙo ta WhatsApp, ya turo kuɗi ta banki, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023.

INA MATSALAR TAKE?

Ma'aikaciyar ofis tana da lokacin tashi, kuma dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ta hutun haihuwa na mako 12. Mai sana'ar gida ba ta da ko ɗaya. Ga girki, ga yara, ga waya tana ƙara har tsakar dare. Tunda tana gida, sai a ɗauka tana hutawa. Don haka dole ita da mai gidanta su tsara hutun da kansu.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. Dogon zama. Ciki yana sa jini saurin daskarewa, zama wuri ɗaya kuma yana ƙara haɗarin. In kina ɗinki ko saƙa, ki tashi ki zaga tsakar gida aƙalla sau ɗaya a kowace awa. Ki sa matashi a bayanki, ki ɗora ƙafafunki kan kujera 'yar tsugune.

2. Hayaƙi da zafin wuta. Shaƙar hayaƙin itace kullum yana iya sa a haifi jariri ƙarami. Ki yi suya a sarari, ba cikin ɗaki ba, da busasshen itace. Ki riƙa shan ruwa mai tsabta sosai, musamman a bazara.

3. Kaya masu nauyi. Ɗaga buhun gyaɗa, daka mai tsawo da jan guga a bar wa wasu. A kai niƙa inji.

4. Barci. Ki sa wa sana'arki lokacin rufewa, misali bayan sallar isha'i, ki ajiye wayar. Ki kwanta cikin gidan sauro. Daga wata na bakwai ki riƙa kwanciya ta gefe, ba rigingine ba.

5. Abinci. Kada yawan aiki ya sa ki tsallake ci. Wake, zogale, ƙwai, nono da gyaɗa suna gina jiki. Ki sha maganin ƙarin jini kullum.

WAYA BA TA AWO

Waya tana da amfani: a tuna ranar awo, a kira mai mota, a kira ma'aikaciyar jinya. Amma ba ta auna hawan jini, ba ta gwada fitsari, ba ta jin kwanciyar jariri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. A wajen awo ne ake ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar rigakafin tetanus. Ranar awo, a rufe sana'a. Cinikin rana ɗaya ba ya fansar rai.

A GARZAYA ASIBITI IN AN GA:

- zubar jini, komai ƙanƙantarsa
- ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi
- kumburin fuska da hannuwa
- ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo
- zazzaɓi ko jijjiga
- fashewar faya kafin lokaci
- raguwar motsin jariri

Kada a jira a gama aikin da aka karɓi kuɗinsa. Mai saye zai iya jira.

GA MAI GIDA DA UWAR MIJI

Ku ne hukumar da za ta ba ta hutu. Mai gida, in za ka tafi cin rani, ka bar izinin zuwa asibiti a fili, ka bar kuɗin mota da lambar direba. Daga ribar sana'a a riƙa ware wani abu don ranar haihuwa. Iya, ki taimaka a rage mata aiki tun daga wata na takwas. Bayan haihuwa kuma, kwana arba'in na jego su ne hutunta: kada waya ta mayar da ita bakin murhu tun jikinta bai koma ba. Jaririn yana bukatar nonon uwa zalla har wata shida.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za a samu.