Injin huda kafin ƙaton zarto

Ɗana, na ji kana shirin buɗe shagon gyaran fiyano, Allah ya sanya albarka, na kuma ji idonka na kan wani ƙaton injin yankan katako irin na masu gadaje da kujeru. Ka ɗan dakata, domin aikinka ba irin nasu ba ne. Kafinta in ya kauce da kaurin farce, samfefa da fenti sun rufa masa asiri, amma fiyano kunne ne ke yanke masa hukunci.

Fara da injin huda na tsaye, mai nauyi, wanda bakinsa ba ya rawa ko kaɗan, ko da shi zai cinye rabin jarinka. Fiyano na da tsirkiyoyi wajen 230, jan da suke yi in aka haɗa ya kai tan 18 zuwa 20, kuma kowace na naɗe ne a kan ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin katakon mafal mai tauri, wanda aka manna falle a kan falle. Babu noti, babu gam, matsin ramin kaɗai ke riƙe ƙusar. Saboda haka in ka yi gaggawa bakin ya yi zafi, sai ya ƙone bangon ramin, ramin farko ya bambanta da na ɗari, kuma ba za ka gane ba sai an kai wa mai shi kayansa, ya dawo yana cewa muryar ba ta zama. Ka huda a hankali da hannu ɗaya, ka share garin katakon, ka bar bakin ya huce. Ka kuma duba teburin injin yana karkatawa, domin ramukan nan a ɗan kishingiɗe ake huda su don ƙusar ta jure jan tsirkiya.

Bayansa sai injin zarto mai ɗamara, wanda ke bin lanƙwasa, domin da shi za ka fitar da katakon ƙusoshin nan har ya kwanta daidai a jikin ƙarfen fiyano. Ƙaton injin kuwa ka bar shi, ka biya maƙwabcinka kafinta ya tsaga maka. Gurabun tsirkiya da ke kan gadar katakon sauti har yau da cizal mai kaifi ake sassaƙa su, kuma ina so hannunka ya saba da wannan kafin ya saba da makunnin wuta.

In gwanjo za ka saya, ɗana, karanta farantin da ke jikin injin. Galibin na Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, nan take za ta ƙone su. Ka kuma ware ɗaki dabam da injin zuƙe ƙura, saboda garin katako in ya shiga ulun gudumomin da ke bugun tsirkiya da mahaɗan madannai 88 na fiyano, kai ne za ka kwana kana tsince shi. Katakon da ka sayo da damina kuma kada ka taɓa shi sai ya zauna a shagon ya sha hunturu, in ba haka ba zai tsuke bayan ka gama auna shi.