Yadda Ake Raba Kwamfutoci da VLAN a Suwic Ɗin Cisco

A makarantar da kwamfutocin ɗalibai da na ofishin kuɗi suke haɗe a suwic ɗaya, ɗalibin da ya san kan na'ura zai iya lalubo kwamfutar akanta. Dalili kuwa, sabon suwic yana zuwa ne da dukkan kafofinsa a VLAN 1, wato rukuni guda. Maganin shi ne a raba su rukuni-rukuni, yadda wani ba zai kai ga wani ba sai ta rauta.

Da farko a shiga wajen saiti da enable, sannan configure terminal. Sai a ƙirƙiri rukunin ofis:

vlan 10
name Ofis

Haka za a yi wa ɗalibai da vlan 20. Daga nan a sa kafar da wayar akanta take a rukuninta:

interface fa0/1
switchport mode access
switchport access vlan 10

Idan suwic biyu ne, kafar da ta haɗa su ana ba ta switchport mode trunk. Ita ce ke ɗaukar bayanan dukkan rukunoni, kowanne da lambarsa, bisa ƙa'idar 802.1Q, wadda ta ba da damar lambobi 1 zuwa 4094.

A duba aikin da show vlan brief, sannan a adana da copy running-config startup-config. Wanda ya manta wannan, da zarar an ɗauke wuta kafofin za su koma VLAN 1, ɗalibai da akanta su sake haɗewa.