Darasi: Salula da abincin makaɗan ƙauye

A kasuwar Matamaye da ta Kance, da sauran kasuwannin jahar Damagaram, akwai wata sana'a wadda kakanni ba su sani ba. Ita ce tura waƙa. Saurayi yana zaune a rumfa da kwamfuta. Mutum ya miƙa masa kart ɗin salularsa, ya biya kuɗi kaɗan, a cika masa ita da waƙoƙi. Mai turawa ya samu na cefane. Mai saurare ya ji daɗi. To, mai waƙar fa, me ya samu?

Yadda ake a da

Makaɗi da mawaƙi da zabiya suna cin abinci ne inda jama'a ta taru: biki, suna, kokawa, gayya, hawan salla. Wanda aka wasa ya yi kyauta nan take. Wani ya ba da kuɗi, wani damin gero, wani riga, basarake ya ba da doki. Mai son jin Ma'azu Ɗan Alalo sai ya je Damagaram, ko ya jira gidan rediyo ya sa shi. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Ƴan samariya suka samu fagen nuna waƙa da rawa.

Kaset ita ta kai muryar Mamman Shata da ta Ɗan Gurmu har ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba. Amma kaset tana da iyaka. In an kwafi wata daga wata, murya tana dushewa. Kwafi yana ƙaruwa, shuu yana ƙaruwa. Wata rana kuma rikoda ta cinye zaren.

Abin da salula ta canza

A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar. Bayan ƴan shekaru aka samu wayoyi masu arha, masu ɗaukar kart. Salula ba ta ajiye murya kamar yadda kaset take yi. Tana mayar da sauti lambobi, ta ajiye lambobin. Lamba kuwa ba ta dushewa. Kwafi na dubu daidai yake da na farko. Kuma mai bayarwa bai rasa komai ba. Goro in an ba aboki, ya bar aljihu ke nan. Waƙar salula in an ba aboki, tana nan inda take. Da Bluetooth ake tura ta daga waya zuwa waya, ba a biyan ko dala, ba a bukatar intanet.

Ga lissafi. Waƙa ta minti 4 tana cin wajen mega 4. Kart mai giga 2 tana da mega 2000. A raba 2000 gida 4, an samu 500. Kaset ta minti 90 kuwa waƙa 22 take ɗauka. Ke nan ƴar kart da ba ta kai farce girma ba ta fi kaset 20.

Labarin Mdou Moctar

Mdou Moctar ɗan jahar Tawa ne, mai kaɗa gita, yana waƙa da harshen Abzinawa. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa a situdiyo. Ba a sayar da su a kanti ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya har arewacin Mali. A garin Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikinsu. Yana tara waƙoƙin wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, ya ware wa mawaƙan kaso cikin kuɗin. Amma kafin ya biya su, sai da ya sha wuyar neman su, domin waƙoƙi da yawa suna yawo babu sunan mai su. Da aka gano Mdou Moctar, hanya ta buɗe masa. Ya yi wasa a Turai da Amurka. Da ba a gano shi ba, da waƙar ta ci gaba da yawo, shi yana gida hannu banza.

Inda ake asara

Ba kowa ke da irin wannan sa'a ba. Mai biki yanzu yakan ɗauko saurayi da lasifika da janareta. Ya fi arha, ba a ba shi masauki, ba ya zuwa da ƴan amshi shida. Mai kalangu da mai ganga suna zaune gida. A situdiyon Kano ma fiyano guda tana yin kiɗan mutum biyar. Waƙoƙin finafinan Kano su suka fi yawa cikin kart, domin hanya daga Matamaye zuwa Ɗan Barto da Daura ba ta da nisa. Yaron makaɗi da ya ga haka sai ya ƙi gadon gidansu. Ba laifinsa ba ne. Amma kirarin manoma da taken gari a bakin tsoho suke, kuma fiyano ba ta san sunan kakan kowa ba.

Ita ma kart ba rumbu ba ce. Tana lalacewa, waya tana faɗawa rijiya, ɓarawo yana ɗauka. Waƙar da ke wuri guda kawai tana iya ɓata a yini guda.

Abin da mai fasaha zai yi

Ya faɗi sunansa da na garinsa da bakinsa, a farkon waƙa da tsakiyarta. Sunan da aka rubuta a waya kowa na iya gogewa. Wanda ke cikin murya ya fi wuyar cirewa. Ya ajiye kowace waƙa a kart biyu, ɗaya ta zauna gida cikin adaka. In wani ya zo ɗaukar muryarsa ko hotonsa don sayarwa, a yi magana kan kuɗi tukuna, a rubuta, a sa shaidu.

Akwai doka. Dokar haƙƙin mai fasaha ta 23 ga Disamba 2010 ta ce waƙa dukiyar mai ita ce. Ofishin da ke kula da wannan shi ne BNDA, cibiyarsa tana Yamai. Shi ke karɓar kuɗi daga masu cin riba da waƙa, ya raba wa waɗanda suka yi rajista. Wanda bai rubuta sunansa ba, da wuya rabo ya kai gare shi.

Waya tana kuma kawo aiki. Ɗan gari da ke neman kuɗi a Agadas ko Legas yana aiko saƙon murya ta WhatsApp, ya ce a yi wa ƙanwarsa waƙar aure, ya turo kuɗi. Baduku da mai saƙar tabarma suna aika hoton kayansu, a yi ciniki kafin a hau mota.

Duk wannan sai da karatu. A 2009 da 2010 an gwada koyar da manya karatu tare da salula a ƙauyukan jahohin Doso da Damagaram. Waɗanda suka koya da salula sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi.

Aikin aji

1. Kart mai giga 4, waƙa nawa za ta ɗauka in kowace tana cin mega 4?
2. A ce mai tura waƙa yana karɓar dala 20 a kowace kart. Ranar kasuwa ya cika kart 30. Jikka nawa ya samu?
3. Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen makaɗa da zabiyoyin garinsu, da irin abin kiɗan kowa. Ya sa alama gaban wanda ɗansa ko ƴarsa ke koyon sana'ar.