DARASI A KAN SANA'A: Wace Irin Rajista Ta Dace da Kasuwancinmu?

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun ji labarin 'yan'uwa biyu da suka haɗa kuɗi suka sayi injin niƙa, ko keken ɗinki, ko motar haya. Da fari kome yana tafiya lafiya, gama suna ƙaunar juna. Amma sa'ad da riba ta fara shigowa, ko bashi ya taru, ko ɗayansu ya rasu, sai rigima ta tashi. Wannan ya ce, "Ni na sa uwar kuɗi." Wancan ya ce, "Ni na yi wahala dare da rana." Ba takarda, ba shaida. Daga baya sana'a ta mutu, zumunta kuma ta lalace.

Domin wannan muka ga ya kamata a darasin wannan wata mu duba hanyoyin da dokar Najeriya ta buɗe wa mai son kafa ƙaramin kasuwanci. Rigakafi ya fi magani.

Dokar da ke bisa wannan al'amari ita ce Dokar Kamfanoni, wadda ake kira CAMA. An fara yinta a 1990, aka sabunta ta a 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ran 7 ga Agusta na shekarar. Hukumar da ke yin rajista ita ce Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, babban ofishinta yana Abuja. Yanzu ana cika takardunta ta intanet.

1. Mutum ɗaya da sunan kasuwancinsa

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, mafi araha kuma. Idan tela yana ɗinki da sunansa na ainihi kaɗai, doka ba ta tilasta masa yin rajistar suna ba. Amma idan ya rubuta wani suna dabam a allon shagonsa, tilas ya yi rajistar sunan nan cikin kwana 28 daga ranar da ya fara aiki da shi. Da takardar shaidar da za a ba shi zai iya buɗe asusun banki da sunan shagon.

Amma fa mu lura da abu ɗaya. Rajistar suna ba ta raba mutum da sana'arsa. A gaban doka tela da shagonsa abu ɗaya ne. Idan shago ya ci bashin yadi ya kasa biya, mai bin bashi yana da iko ya kai ƙara, kotu kuwa tana iya sa a sayar da babur ɗin telan ko kayan ɗakinsa a biya. Mutane da yawa suna tsammani sun kafa kamfani, alhali kuwa suna kaɗai suka yi wa rajista.

2. Tarayyar mutum biyu ko fiye

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyu ko uku suna iya haɗa jari su yi rajistar suna ɗaya tare. Doka ta ce irin wannan tarayya kada ta wuce mutum 20, sai dai ta masu wasu ayyuka kamar lauyoyi da akantoci.

Ga abu uku da ya kamata kowane abokin tarayya ya sani, bisa ga ƙa'idodin da muka gāda daga dokar tarayya ta Ingila ta 1890. Na fari, abin da ɗaya ya ƙulla da sunan kasuwancin ya ɗaure sauran. Idan abokinka ya karɓo buhun masara 50 bashi domin shagonku, bashin yana wuyanka kai ma, ko da ba ka nan ranar. Na biyu, idan ba ku yi wata yarjejeniya ba, riba da hasara daidai za a raba, ko da ɗaya ya sa kashi uku ɗaya ya sa kashi guda. Na uku, idan ba ku shirya wani abu dabam ba, mutuwar ɗaya takan kawo ƙarshen tarayyar.

Saboda haka muna ba da shawara a rubuta yarjejeniya tun ana ga maciji da juna. A rubuta nawa kowa ya sa, yadda za a raba riba, wa zai riƙe littafin kuɗi, wa zai sa hannu a banki, abin da za a yi idan ɗaya yana so ya fita, da abin da za a ba matarsa da 'ya'yansa idan ya rasu. Wani zai ce, "Ashe, ba ka amince da ni ba?" Sai mu amsa masa da hankali, mu ce takardar ba domin yau ba ce, domin ranar da mu duka biyu za mu manta ne, ko ranar da magadanmu za su zauna ba mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dokar 2020 ta ƙaro wata irin tarayya wadda ake kira LLP. Ita tana da matsayin kanta a gaban doka, bashinta kuwa ba ya bin abokan tarayya har gida.

3. Kamfani mai iyakar alhaki

Bari mu ba da wani tsohon labari domin mu gane wannan. A birnin Landan an yi wani mai yin takalman fata, sunansa Aron Salomon. A 1892 ya mai da sana'arsa kamfani. Masu hannun jari su bakwai ne, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar. Shi ya riƙe hannun jari 20,001, sauran shida kuwa ɗaya ɗaya. Ba a daɗe ba ciniki ya faɗi, kamfanin ya karye. Aka kai ƙara, aka ce kamfanin ba kome ba ne sai Salomon da kansa, saboda haka shi zai biya daga aljihunsa. Amma a Nuwamba 1896 kotu ta ƙarshe a Ingila ta yanke cewa kamfanin da aka yi wa rajista bisa doka kamar wani mutum ne dabam da masu shi. Bashin kamfani na kamfani ne. Kotunan Najeriya suna bin wannan ƙa'ida har wa yau.

Wannan shi ne ma'anar kalmar Limited ko Ltd da muke gani a ƙarshen sunan kamfani. Mai hannun jari ba zai yi hasarar abin da ya wuce kuɗin hannun jarinsa ba. Kamfani yana iya mallakar fili, ya yi ƙara, a kuma yi ƙararsa da sunansa. Idan mai shi ya rasu kamfanin ba ya mutuwa, hannun jarinsa ne magada za su gāda.

A dā sai mutum biyu sun haɗu kafin a kafa kamfani. Tun daga 2020 mutum ɗaya yana iya kafa kamfani mai zaman kansa. Mafi ƙarancin hannun jarin da za a fitar shi ne na naira 100,000, masu hannun jari kuwa kada su wuce 50. Ƙaramin kamfani ba tilas ne ya naɗa sakatare ba.

Duk da haka kada mu ɗauka kamfani mafaka ce ta mai cin amana. Idan darekta ya yi zamba da sunan kamfani, kotu tana iya kama shi shi da kansa. Idan kuma ya sa hannu a banki cewa shi ya tsaya wa kamfani a kan rance, ya mai da bashin wuyansa da hannunsa. Kuɗin kamfani kuma ba kuɗin cefane ba ne. Tilas a raba asusu, a riƙa rubuta shiga da fita.

4. Ƙungiyar gama-kai da amintattu

Manoma ko mata masu adashi da suke so su yi ajiya da rance tare suna iya kafa ƙungiyar gama-kai. Ana bukatar aƙalla mutum 10, rajistarta kuwa a ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha ake yi, ba a CAC ba.

Ikilisiyoyi da ƙungiyoyin taimako sukan yi rajistar amintattu a CAC. Mu sani cewa dukiyar irin wannan ƙungiya ba a raba ta ga membobi kamar riba. Kada wani ya gudanar da cinikin kansa a ƙarƙashin takardar ikilisiya.

5. Bayan rajista

Karɓar takardar shaida ba shi ne ƙarshen aiki ba. Mai sunan kasuwanci zai riƙa aika wa CAC bayanin shekara, kada ya wuce ran 30 ga Yuni. Kamfani ma yana da nasa bayanin shekara. Wanda ya yi sakaci zai biya tara, kamfanin da ya daɗe bai aika ba kuwa ana iya share sunansa daga littafin rajista. Sai kuma haraji. Mai sana'a shi kaɗai yana biyan harajin abin da ya samu ga hukumar harajin jiharsa, harajin kamfani kuwa na gwamnatin tarayya ne. Mai sarrafa abinci ko sabulu ko magani domin sayarwa yana bukatar lambar hukumar NAFDAC kuma.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, dokarku dabam ce. Ƙasashenku suna bin dokokin kasuwanci na OHADA, bisa ga yarjejeniyar 1993. Kamfani mai iyakar alhaki da aka fi sani a can shi ne SARL.

6. Yaushe za mu nemi lauya?

Mai ilimin karatu yana iya yin rajistar suna da kansa. Amma akwai lokatai da kuɗin lauya ya fi araha bisa kuɗin shari'a: sa'ad da za a rubuta yarjejeniyar tarayya, sa'ad da wani zai zuba kuɗi a kamfaninmu domin ya sami hannun jari, sa'ad da za mu kama hayar shago na shekaru ko mu sayi fili, da sa'ad da banki ya ce mu ba da gida jingina. Mu tambayi ladansa tun kafin ya fara aiki, mu karɓi rasit, mu duba hatimin ƙungiyar lauyoyi a kan takardar da ya shirya. Kada mu sa hannu a abin da ba mu gane ba. Ba abin kunya ba ne mutum ya ce, "Ranka ya daɗe, fassara mini da Hausa."

A taƙaice, wanda sana'arsa ƙarama ce, ba ya cin bashi mai yawa, rajistar suna ta ishe shi. Wanda zai haɗa jari da wani, ya rubuta yarjejeniya. Wanda zai ɗauki ma'aikata, ya ci rance mai nauyi, ko ya nemi kwangila, ya yi tunanin kamfani, domin ya tsare gidansa da iyalinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin rajistar suna da kafa kamfani?
2. Idan abokan tarayya ba su rubuta kome ba, yaya za a raba ribarsu?
3. Wace ƙa'ida muka koya daga shari'ar Salomon?
4. A wane hali darekta zai biya bashin kamfani daga aljihunsa?
5. Da wace irin magana za ka roƙi ɗan'uwanka ku rubuta yarjejeniya ba tare da ka ɓata masa rai ba?